Gandun renon itatuwan nan na hanyar gulbi da tsarinsu na yara, ga yadda na same shi

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu ta tambayata a kan pepiniyer ɗin nan, wato gandun renon itatuwa, ta hanyar gulbi a nan Maradi inda ake karɓar yara lokacin vakans, babban hutun makaranta, to bari in amsa muku gaba ɗaya in huta. Ba talla ba ce, ban san mai wurin ba kafin in kai ɗiyana da ɗiyar ƙanwata, dattijo ne dai wanda ya yi aikin gandun daji ya yi ritaya, kowa Baba yake ce mishi.

Tsarin ba wuya. Jika guda kowane yaro, ana zuwa Asabar da safe tun farkon Yuli, su haɗa ƙasa da yashi da taki, su cika leda, su shuka iri, su koyi ban ruwa da arozuwar ba tare da sun tone ɗan tsiron ba. Ranar 3 ga Agusta kowa ya ɗauki icce guda daga cikin waɗanda suka yi ƙwari ya tahi da shi gida. Akwai bedi, zogale, gawo, kuka, tsamiya, aduwa, gwaiba, lemu, da magarya mai aure mai manyan ɗiyan nan. Yaro shi ke zaɓe, ba uwa ba ba uba ba, Baba ya dage a kan wannan sosai.

Abin da ya sa nake ganin kuɗin bai faɗi banza ba wani ɗan kaye ne, littafin rubutu, da Baba yake ajiyewa. Sunan yaro, unguwarsu, da iccen da ya ɗauka duk a rubuce. Sai cikin Afrilu, lokacin da zafi ya wuce digiri 40 ruwan randa ma ya zama na wanka, ya aiko yaronshi bisa moto ya bi gida gida, Zariya, Bagalam, Ali Ɗan Sofo, duk inda aka kai icce, ya duba ko yana raye. Wanda nashi ya kai lokacin da ganye a kai ana ba shi mangwaro mai aure kyauta. Wallahi wannan dabarar ta burge ni, don mu nan tun 1975 ake bikin dashen itace ranar 3 ga Agusta, manya su sa babbar riga su riƙe shebur a ɗauki hoto, bayan sati biyu akuya ta gama da shi ba wanda ya waiwaya. Dasawa cikin damana ai kowa ya iya, aikin yana cikin rani, ban ruwa safe da marece, shinge na ƙaya ko giriyaj, toka a gindi saboda gara. Ita ɗiyar ƙanwata ruwan alwala take tarawa a bokiti ta zuba ma zogalenta, kuma kada ka kuskura ka tsinki ganye ba ka tambaye ta ba, sai an ji ku har maƙwabta.

Kuma Baba ba ya cika yaran da dogon wa'azi kan canjin yanayi, ya bar wannan ma su mushe a lakwal. Yaran Maradi ba sai an ba su labari ba, sun ga ruwan ƙarshen Agustan 2024 yadda ya rusa gidajen laka aka yi asarar rayuka, sun ga an zuba mutane cikin azuzuwansu har aka ɗaga komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Shi sai dai ya sa yaro ya tsaya ba takalmi cikin rana, sannan ya koma ƙarƙashin bedi, ya ce to ka ji bambanci? Shikenan darasi ya ƙare.

Ranar da na fi jin daɗi ita ce da ya kwashe su zuwa wata gona ya nuna musu sassaben zamani. Kututturen kalgo ko sabara da manomi zai sare ya ƙone, sai a zaɓi rassa biyu uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, tunda saiwar tana nan da ranta a ƙasa nan da nan yake tashi ya fi wanda aka dasa sauri. A nan jiharmu fa abin ya faro, wajen 1983, da wani Bature ɗan Ostireliya Tony Rinaudo tare da manoman karkara, yanzu ana maganar hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa a Nijar ta haka, har baƙi ke zuwa Ɗan Saga ta wajen Agiye su gani. Amma ɗiyanmu na birni ko sunan ba su taɓa ji ba. Ya nuna musu gawo kuma, mai zubar da ganye da damana ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi ganye dabbobi su samu inuwa da abinci. Ɗana ya dawo yana ta maimaita mana kamar shi ya gano abin. Kaico sau ɗaya tak ake wannan fitar, ni da za a ji tawa a rage cikon leda a ƙara ta.

To sai abin da bai yi mini ba. Ɗibar ruwa da bido daga rijiya kusan kullum ƴan mata ake turawa, samarin suna can suna wasa da ƙasa, na yi magana aka gyara ranar, sati mai zuwa aka koma gidan jiya. Ledoji yagaggu birjik iska na kwasa tana kaiwa gulbi, a wurin da ake koyar da gyaran muhalli fa, haba Baba. Ba makewayi na kirki, ruwan sha ma sai ka haɗo yaro da nashi. Furannin kwalliya kuwa tsada, kada ku saya ba ciniki. Lokaci kuma an ce takwas, sai tara ta gota ake farawa.

Wani abu kuma ba laifin wurin ba ne, namu ne. Yaro na reno icce guda wata tara, mu kuma amalanke na sauke mana itacen girki a ƙofar gida duk sati, ba mu tambayar daga wane daji aka saro. Ni ban yarda a ɗora ma yara wannan kayan a ce su za su gyara duniya ba, abin da za su iya shi ne icce guda, kuma suna yin shi da gaske in an bar musu.

In za ku kai naku ku yi rajista tun Yuni don wuri na cika. Ku tanadi shingen kafin iccen ya iso gida, awakin unguwa ba su jira. Masu zaman haya ku lallaɓa yaro ya ɗauki zogale, cikin ƴan watanni za ku fara cin kwaɗo, kuka da tsamiya sai mai gidan kanshi. Bedi kuma a nisanta shi da katanga da shadda saboda saiwa.