Numfashin injin mota: abin da za ka saya da abin da za ka bar wa mai shago

Duk mai tsohuwar mota a Zariya ya san wannan ciwon. Ka wayi gari ka ga ɗigon baƙin mai inda ta kwana, ka buɗe bonet ka tarar saman injin ya jiƙe, ƙura ta manne masa kamar an shafa kwalta. Ka kai gareji a ce sil ne, wato robar da ke hana mai yoyo, a canza, bayan wata biyu ya dawo. Sau uku ina canza nawa kafin wani dattijon bakanike a Tudun Wada ya kwance wani ɗan ƙarfe da bai fi babban yatsa ba daga murfin saman injin, ya kaɗa shi kusa da kunnensa, ya ce, "Malam, ai injin naka ba ya numfashi."

Ga abin da yake nufi. Duk lokacin da fetur ya kama a cikin silinda, wani ɓangare na hayaƙin yakan sulale ta gefen ringin fistan ya faɗa ƙasa, inda baƙin mai yake. Sabon inji ma yana yi, tsoho ya fi. Idan hayaƙin nan bai sami hanyar fita ba sai ya taru ya yi ta tunkuɗa, ya nemi inda ya fi rauni: sil, gasket, wani lokaci har sandar awon mai ya ɗago. Ga tururin ruwa da ragowar fetur da ke cikinsa, su ne ke mayar da mai ya zama kamar taɓo. Motocin da can wani bututu kawai ake saukarwa ƙasa ya zubar a kan hanya. A 1961 aka fara sanya wa sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya ta Amurka bawul ɗin da ake kira PCV, zuwa 1964 yawancin sababbin motocin ƙasar sun samu. Shi ne ɗan ƙarfen da dattijon nan ya kwance. Aikinsa shi ne ya mayar da hayaƙin cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, a sake ƙona shi, amma da awo: idan mota tana sulo sai ya matse hanya, idan ka taka totur ya buɗe. Akwai kuma tiyo na biyu da ke shigo da iska mai tsabta daga bayan matatar iska. Ɗaya na shaƙa, ɗaya na fitarwa.

To, idan abin ya lalace, ko mai ya fara taruwa a bututun iska, shawarwari iri-iri za ka sha a gareji.

Na farko, a toshe tiyon da ƙusa ko tsohon fulogi. Wannan ba gyara ba ne, shaƙe wuya ne.

Na biyu, a sa dogon tiyo a saukar ƙasa kamar motocin 1950. Wari, ɗigo, kuma ba abin da ke zuƙo danshin daga ciki.

Na uku, ɗan ƙaramin filta ja ko shuɗi da samari ke ɗaurawa a madadin tiyon don a buɗe bonet a ce kai. A garin da hunturu ke rufe rana daga Disamba zuwa Fabrairu? Mai zai jiƙa shi, ƙura ta toshe shi, shi ke nan an koma gidan jiya. Idan kuma motarka mai na'urar awon iska ce a bututun shiga, iskar da ke bi ta nan ba a ƙirga ta ba, kwamfutar motar ta rikice, sulo ya riƙa hawa da sauka.

Abin da nake kai, kuma ba na ɓoyewa, shi ne a bar tsarin yadda masu ƙera motar suka yi shi, a sa bawul na asali da tiyo na ƙwarai, sannan wanda yake da buƙata ya ƙara gwangwanin tare mai a tsakanin bawul ɗin da manifol. A tsakani na ce, ba a madadinsa ba. Hayaƙin zai fito ta bawul, ya shiga gwangwanin, ya bugi shingen da ke ciki, mai da ruwa su sauka ƙasa, iskar ta wuce manifol. Injin yana numfashinsa kamar da, sai dai ya daina haɗiyar majinarsa. Aikin bai fi awa ɗaya ba a ƙofar gida, da filaya da sukudireba da sufana, injin a sanyaye.

Wa ke buƙatarsa da gaske? Masu injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin su FSI da TSI na Volkswagen da GDI na Hyundai da Kia. A waɗannan fetur ba ya bi ta bayan bawulolin shigar iska balle ya wanke su, don haka man da ke dawowa yakan gasu a kansu ya zama gawayi. Tsofaffin Corolla da Camry da Accord da suka cika PZ da Kwangila kuwa, injekta tana fesawa ne a bayan bawul ɗin shigar iska, kullum cikin wanka yake. Su gwangwani ƙari ne, ba dole ba. Ni na sa wa tawa ne don injin ya tsufa, kuma ina son in riƙa ganin yawan abin da yake tofarwa. Kada wani ya ruɗe ka cewa zai hana mota shan baƙin mai. Idan ringi ya ci, sai ringi.

Gwangwanin da za ka saya dole ya buɗu. Ka kwance shi a gaban mai shago. Idan cikinsa fayau yake, ba shinge ba raga, kofi ne kawai aka yi wa fenti, hayaƙi zai shiga ta nan ya fita ta can da mansa. Ka duba robar murfinsa, domin ko ɗan ramin allura ne iska za ta shiga ta nan. Bakunansa kada su gaza faɗin tiyon asali. Masu cusa soson ƙarfe na wanke tukunya a ciki su tuna cewa duk zaren da ya gutsure, silinda zai nufa. Masu sa gorar ruwa a madadin gwangwani kuwa, ban ma san ta inda zan fara ba.

Amma duk wannan ba shi ne ya ƙona ni ba. Jabun bawul ne.

Bayan dattijon nan ya nuna mini matsalar, sai na yi gaggawa na shiga wani shago a Sabon Gari. Yaron shagon ya miƙo kwali mai tambari da lamba, komai tsaf, ya ce, "Oga, orijinal ne, ko Kano ka je wannan za a ba ka." Na kaɗa, ya yi ƙara, na biya. Kwana goma mota tana rawa a sulo, wutar gargaɗin inji ta kama, da safe kuma salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Aka sa kwamfuta ta nuna P0171, wato iska ta fi fetur yawa. Aka wanke injekta, aka canza fulogi, kuɗi suna ta tafiya. Da muka fasa bawul ɗin daga ƙarshe, sifirin da ke ciki kamar na biro, ɗan ƙarfen da ke matse hanya a ciki kuma ya yi wa ramin ƙanƙanta. A buɗe yake dare da rana, yana zuƙar mai yana kai wa manifol.

Saboda haka kaɗawa kaɗai ba shaida ba ce. Tana nuna cewa bai maƙale ba, ba ta nuna cewa awonsa daidai ne. Kowane inji da nasa awon, bawul biyu za su yi kama a ido su bambanta a ciki, don haka maganar "duk ɗaya ne, zai shiga" ka bar ta a kan kanta. Ka tafi da tsohon a aljihu, da lambar injinka. Ka goge shi ka hura ta ɓangaren da ke shiga murfin inji, iska ta wuce ba wahala. Ka juya ka hura ta ɓangaren manifol, ya kamata ta yi tauri. Idan ta wuce fuu ta ko'ina, mayar masa. Ka auna nauyinsu a tafin hannu, jabu yakan yi sakayau. Ka dubi zaren kwanciyarsa da gefen robar, na ƙwarai ba ya da kaifi ko tsaga. Kwali kuwa kada ya burge ka ko kaɗan, masu buga kwali sun fi masu ƙera bawul ƙwarewa. Kuma ku yi magana tun farko cewa idan bai yi ba za ka dawo da shi, a gaban shaida, don wasu da ka juya baya sun manta fuskarka. Ni yanzu idan ban sami sabo daga hannun wanda na yarda da shi ba, gara ɗan Beljiyam da aka cire daga inji irin nawa, in wanke shi da fetur in gwada. Mai zuwa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano sai ya haɗa da wannan saƙon. Masu motocin Turai da yawa su lura: nasu ba irin mai ƙara ba ne, wani faifan roba ne a cikin murfin inji, idan ya yage sai ka ji fito, murfin zuba mai kuma ya yi wuyar cirewa idan inji na aiki.

Tiyo ma haka. An taɓa yanko mini na ruwan lagireto aka ce zai yi. Mai ya jiƙa shi ya yi laushi, da injin ya zuƙa sai ya manne kamar tsinken shan lemo, hanya ta rufe, sil ya sake tsiyaya. Nemi tiyon fetur mai zare a jikinsa, wanda aka buga wa SAE J30, ka matsa shi da yatsa ka ji ya ƙi. Ka sa kilif a kowane baki, kada ya lanƙwashe, ka nisanta shi da gwangwanin daga bututun salansa.

Sai juyewa. Gwangwani idan ya cika, abin da ya tara gaba ɗaya zai tura cikin inji, gara ma ba ka sa ba. Makon farko ka duba sau biyu don ka san halin motarka. Tawa da zafi sai lokacin juyen mai nake buɗewa. Da sanyi kuwa, da yake zirga-zirgar tawa daga Samaru zuwa Kongo ce, injin bai gama ɗumi ba an iso, duk mako biyu nakan tarar da kusan rabin kofin shayi na wani abu mai kalar kunun gyaɗa, yana warin fetur. Ba a mayar da shi cikin inji, ba a kuma zuba shi a kwata. Ina da tsohon galan a bayan ƙofa, idan ya taru in kai gareji a haɗa da mataccen mai.