Wasiƙa daga Jamus kan aikin zuciyar Kawu

Assalamu alaikum Yaya. Ya jikin Kawu? Allah Ya ƙara sauƙi.

Tunda likita ya ce jijiyar zuciyarsa ta toshe, bari in gaya maka abin da nake gani a sashen da nake aikin jinya.

Aikin da aka saba, sai an tsaga ƙashin ƙirji, a tsayar da zuciya, na'ura ta karɓi aikinta da na huhu. Ƙashin yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, ga mai ciwon suga irin Kawu kuwa rauni ba ya saurin warkewa. To akwai wata hanya da suke kira MIDCAB. Yanka ne kamar tsawon yatsa, ƙarƙashin nonon hagu, tsakanin haƙarƙari. Su zaro jijiyar da ke cikin bangon ƙirji su ɗinka ta gaba da toshiyar, zuciya na ta bugawa, an dafe daidai wurin ɗinkin da ɗan ƙarfe. Wani dattijo mai shekara 78 da ƙodarsa ta yi rauni, ta wannan hanyar aka yi masa, washegarin aiki na riƙe hannunsa ya taka har bakin taga. Da ya yi tari kam sai da ya rungume matashi don zafi.

Sai dai ba kowa take yi wa ba. Babbar jijiyar gaban zuciya aka fi yi wa ita. In uku suka toshe, ko a buɗa sauran da ɗan bututun ragar ƙarfe da ake zurawa ta jijiyar hannu, ko a koma tsaga ƙirjin.

Abin da ke sosa min rai shi ne kuɗi. Mai inshorar gwamnati yuro 10 yake biya a kwana, kwana 28 iyaka a shekara, sannan a tura shi mako 3 wurin farfaɗo da jiki. Ba kyauta ba ce, duk wata sai an yanka a albashina. Amma ban ga wanda ya sayar da gona ba. Baƙon da ba shi da inshora kuwa, komai daga aljihunsa.

Abu ɗaya muka fi su: dattijon nan ya kwana 5 ba wanda ya leƙo shi. A gida da tabarmi sun cika baranda.

Kada ku sayar da gonar don kuɗin aikin tukuna. Ka turo min faifan hoton jijiyoyin da sakamakon ƙoda da na suga, in nuna wa likitocinmu. A gaida Inna.