Motar kwana ko jirgin ƙasa: amsa ga Alhaji kan ziyarar tsoffin fadodin Birtaniya

Alhaji ya jefo tambaya a zaurenmu na 'yan Bauchi. Zai je Mancesta bikin yaye 'yarsa a watan Yuli, shi da Hajiya, kuma bayan biki suna son zagaya tsoffin fadodin dutse. Ko ya ɗauki hayar motar nan mai gado da kicin a ciki, ko kuwa su bi jirgin ƙasa suna sauka a otal?

Alhaji, in arewacin Wels za ku nufa, wadda ita ce kusa da ku, jirgi ya fi. Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya fara gina fadodin Conwy da Caernarfon da Harlech a 1283, Beaumaris kuma a 1295, duk a bakin teku don a riƙa kai wa dakarunsa abinci ta ruwa in 'yan ƙasa sun tare hanya. Garuruwan ba su da nisa da juna. Tashar Conwy a cikin ganuwar garin take, kana sauka ga fadar nan da hasumiyoyinta 8. Caernarfon, inda aka naɗa Charles, Sarkin Birtaniya na yanzu, sarautar Yariman Wels a 1969, sai ka sauka a Bangor ka ƙarasa a bas. Edinbura da Stirling da ke Sikotlan ma jirgi na kai mutum har gindin tudun da fadodinsu suke kai.

Motar kwana a irin waɗannan garuruwa kaya ce. Girmanta ya kai bas ɗin Yankari Express, ga ƙofofin ganuwar Conwy matsattsu, don ba mota aka yi wa su ba. Ga tuƙi a hannun hagu, abin da Najeriya ta bari tun 1972. Sitiyari a dama, giya a hannun hagu, shataletale kuma ana juya shi akasin namu. Baƙo na iya tuƙi da lasisin ƙasarsa har wata 12, amma kamfanin haya na da nasa sharuɗɗa. Ka tambaye su kafin ka tura ko sisi.

Inda motar ta ci kasuwa shi ne tukunya da sallah. A ƙauyukan can samun naman halal aiki ne. Da mota kuwa sai ku sari nama a Rusholme cikin Mancesta, ku cika ɗan firij, Hajiya ta tuƙa semo duk inda kuka tsaya. Buta da darduma suna hannu, babu neman lungun alwala. Sai dai masu talla ba sa nuna banɗakin motar. Wani akwatin roba ne da ake zarowa ta wata 'yar ƙofa a gefen mota, ka ja shi zuwa ramin da aka tanada, ka juye, ka ɗauraye, ka zuba magani ka mayar. Direba ke yi, ko da kuwa mai babbar riga ne. Kuma kada a ce maka kwana kyauta ne. Dokar Sikotlan ta 2003 da ta bar mutane su kafa tanti a daji ba ta haɗa da mota ba. Yawanci sansanin kwana za ka biya, can ne ake jona wuta a cika tankin ruwa. Haɗa da kuɗin haya da na ajiya da dizal, ba lallai ta fi otal arha ba.

Duwatsun arewacin Sikotlan ne suke sa in sassauta. Can otal kaɗan ne, bas ma sai an jira. Eilean Donan, fadar da ke kan ɗan tsibiri, jiragen ruwan yaƙi sun rusa ta a 1719, aka sake gina ta tsakanin 1912 da 1932. Mai kwana kusa zai gan ta da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Amma daga Mancesta tafiyar ta haura kilomita 600. Da ka bar babban titi, wasu hanyoyin mota ɗaya suke ɗauka, sai ka ja baya zuwa wurin ratse ka ba wani hanya. A Yuli rana kan kai wajen ƙarfe 10 na dare ba ta faɗi ba, asuba kuma ta yi sammako, direba ba ya samun barcin kirki. Ga wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ke fitowa da yamma.

Ni dai jirgi zan ce, ku yada zango a Conwy kwana biyu, ku wuce Edinbura in da sauran lokaci. Motar ku bar ta sai wata zuwan da za ku samu mako biyu da direba na biyu. Ku kama ɗaki tun yanzu, Yuli lokacin cunkoso ne. A kuma sanar da Hajiya cewa matakalan hasumiyoyin murɗaɗɗu ne, na dutse, ga tsayi. Ta tafi da takalmi mai riƙe ƙafa, ba silifas ba.