Tsoffin Zane a Ɗinkin Gicciye: Wanne Za a Saya, Wanne Za a Bari

Ɗinkin gicciye aikin ƙirga ne. Yadin yana da ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, kowane gida ana cike shi da zare biyu da suka gicciye juna, taswira kuma ita ke nuna launin da zai shiga kowane gida. Don haka kafin a biya kuɗin kowane tsohon zane, a fara bincika asalinsa. Akwai wanda tun farko da ƙirga aka ƙirƙire shi. Akwai kuma wanda aka kwaso daga bango, tayil ko yadin labule aka cusa shi cikin gidaje. Wahalar aikin, yawan zaren da zai ci, da kyansa idan an gama, duk daga nan suke tasowa.

Na farkon su ne mafi aminci ga mai saye. Tatriz, ɗinkin gargajiya na matan Falasɗinu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado a 2021, shi ne babban misali: salon Ramallah jan zare ne a kan farin lilin, da bishiyar saru da taurari masu tsini takwas, kowane layi ya zauna daram a kan gidajen. Haka ɗinkin birnin Fas na Maroko, mai launi ɗaya tal. Haka kuma tambarorin da 'yan matan makarantar Ackworth ta Ingila, wadda aka buɗe a 1779, suka riƙa ɗinkawa. Irin waɗannan launi ɗaya zuwa biyar suke ci, kuma da yake zanen maimaita kansa yake yi, hannu kan haddace shi bayan zagaye biyu. Aibinsu ɗaya ne: kuskure ba ya ɓuya. Aka tsallake gida guda a gefen hagu, to dama ba za ta haɗu da shi ba, sai an warware. Salon Assisi na Italiya ma a wannan sahu yake, amma a yi hattara da lissafinsa, domin bayan zanen ake cikewa a bar siffar fara. Yana cin zare da lokaci fiye da yadda hotonsa ke nunawa.

Sahu na biyu shi ne zanen tayil da rubutu. Rubutun Kufi, wani salon rubutun Larabci mai kusurwa, kamar don wannan ɗinki aka yi shi, tunda shi ma a kan gidaje ake tsara shi. Sai dai a sa wanda ya iya karanta shi ya duba taswirar tukuna, don gida ɗaya ya isa ya haɗe haruffa biyu. Zanen tayil na fadar Alhambra da ke Granada kuwa sai an zaɓa. Tauraro mai tsini takwas yana fita tsaf, saboda layukansa ko dai a miƙe suke ko sun ratsa gida daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai tsini shida, goma ko sha biyu ba ya jituwa da gidajen, layinsa kan fito kamar matakala. Maganin abin shi ne girma, wato tauraro ɗaya ya samu gidaje da yawa. Idan aka ga an matse irin wannan cikin gida 60 faɗi 60 tsawo, a wuce shi. Dagin da ake gani a bangon gidajen Kano da Zariya yana shiga gidaje lafiya, sai dai lanƙwasar bakinsa ita ma tana son fili.

Sahu na uku shi ne ya fi jan ido, shi ne kuma ya fi cin kuɗin mutane a banza: furannin tayil ɗin Iznik na Turkiyya na ƙarni na 16, da zanen William Morris, mai zanen yadi da takardar bango na Ingila. Morris ya rasu a 1896, zanensa ya zama na kowa, shi ya sa masu sayar da taswirarsa suka yi yawa, nagari da na banza. Zanensa duk lanƙwasa ne, ganye ya hau kan ganye. Mai tsara taswira na kirki yakan zauna ya sake zana shi gida-gida, ya rage launuka zuwa kamar 15 ko 25, ya ƙara siririn ɗinkin layi a gefen ganyen don siffa ta fito. Mai neman kuɗi da sauri kuwa hoto yake zubawa a kwamfuta ta fitar masa da taswira. Wanda ba ya son hoton mai rai a ɗaki ya lura cewa shahararren zanensa na 1883 cike yake da tsuntsaye. Na reshen bishiya da ya fito a 1887 ganye ne zalla.

Taswirar kwamfuta ba ta da wuyar ganewa idan aka buɗe shafi ɗaya aka duba kusa. Za a ga launuka 50 ko 70 a zanen da ido ke ganin launi takwas, a ga ɗinki ɗai-ɗai a warwatse kamar yayyafi, alama ɗaya nan, wata can. Kowane ɗigo sai an zura zare, an ɗinka, an ɓoye bakinsa, an yanke. Bayan yadin ya cika da tarkace, gaban ya yi dishi-dishi. A nemi ganin hoton aikin da aka ɗinka da hannu har ƙarshe. In hoton kwamfuta kaɗai mai sayarwa ke da shi, alama ce babu wanda ya taɓa gwada taswirar. A duba alamomin ma: idan biyu sun yi kama, kamar ƙaramin da'ira da babba, za su ruɗar da ido da dare.

Sai yadda za a saya. Ƙunshi cikakke yana zuwa da yadi, zare, allura da taswira, ya dace da mai farawa, amma zarensa a ƙididdige yake, warwara biyu ko uku sai wani launi ya ƙare. A tabbata an rubuta lambobin zaren wani sanannen kamfani kamar DMC ko Anchor, don a iya samun madadinsa. Akwai ƙunshi mai araha wanda aka buga zanen a jikin yadin da tawada mai fita a ruwa. Yana da sauƙi, amma bugun kan kauce wa gidajen, abin da zanen tayil ba ya yafewa. Kada ruwa ko gumi ya taɓa shi kafin a gama, kada kuma a yi masa guga kafin a wanke, zafi na iya kama tawadar. Taswira zalla, ta takarda ko ta PDF, ita ta fi ga wanda ya san hannunsa, don shi zai zaɓi yadi da launi.

Yadin Aida, wato yadin ɗinkin gicciye da aka saƙa gida-gida, lambarsa ke nuna yawan gidaje a inci ɗaya: 11, 14, 16, 18. Lissafin girma shi ne a raba yawan gidajen taswira da lambar yadi. Zane mai gida 140 a kan Aida 14 inci 10 ne, kusan santimita 25. A kan Aida 18 bai kai inci 8 ba. A ƙara inci 3 a kowane gefe saboda firam, wato yadi mai inci 16 faɗi da tsawo ga na farkon. Zanen Morris da na Iznik sun fi kyau a 16 ko 18, ko a lilin mai lamba 32 da ake tsallake zare biyu-biyu, domin ƙananan gidaje suna sassauta matakalar nan, lilin kuma yana karɓar ɗinkin rubu'in gida ba tare da an huda tsakiyar gida da ƙarfi ba. Tatriz da Kufi ba sa buƙatar wannan, Aida 14 ta wadatar. Baƙin yadi ko shuɗi mai duhu yana fito da zane ƙwarai, amma ramukan ba sa ganuwa sai an shimfiɗa farin ƙyalle a cinya.

Ɗaurin zaren DMC mita 8 ne, mai sili shida. Sili biyu ake ɗinki da su a Aida 14, da allura mai dakusasshen baki lamba 24, lamba 26 kuma ga yadi 16 da 18. Ɗauri ɗaya kan yi gicciye wajen 1,500 ko sama kaɗan a Aida 14, gwargwadon hannu. Zane mai launi ɗaya da gicciye 9,000 ke nan zai ci ɗauri shida, a sayi bakwai, kuma a saye su rana ɗaya a wuri ɗaya, domin rini kan ɗan bambanta daga wannan zubi zuwa wancan, a faffaɗan fili kuma bambancin yana fitowa fili. Ja da shuɗi mai duhu su ne masu zuba, musamman zaren da ba shi da suna ko na jabu. Kafin allura ta taɓa yadi, a yanki ɗan guntu, a jiƙa shi, a matse cikin farin ƙyalle a bar shi ya bushe. Ya bar tabo, a canza zare.