Kafin ka tura wa mai mota hoton baraguzanka: kura, akori-kura ko tifa?

Yanzu a Kaduna cinikin kwashe baraguzai a waya ake fara shi. Kana kiran direba, kafin ka gama bayani zai ce, "Alhaji, turo hoto ta WhatsApp." Ka tura, ya duba, ya yanka kuɗi. A nan ake samun matsala, domin hoto yana nuna tsibi amma ba ya nuna nauyi, kuma tsibin ma yakan ƙaru ko ya ragu gwargwadon inda mai ɗauka ya tsaya. Bara da muka rushe tsohon shago da katangar baya a gidanmu na Tudun Wada na ɗanɗana kuɗata a kan wannan, shi ya sa nake son mai shirin gyaran gida ya san abin da zai auna kafin ya zaɓi mota.

Fara da hoton kansa. Kada ka ɗauki tsibi shi kaɗai a fili. Ɗauke shi jikin katangar bulo wadda ba a yi wa filasta ba, domin bulo mai inci 9 idan aka haɗa da simintin da ke tsakani, layi 4 ya kai kimanin mita 1. Tsawon bulo ɗaya kuma inci 18 ne, kusan rabin mita. Da wannan kowa zai iya ƙirga tsayi da faɗi daga cikin hoton. In babu katanga, ajiye jarka mai lita 25 ko duro a gindin tsibin. Ɗauki hoto daga gaba, daga gefe, sannan ka hau wani abu ka ɗauko daga sama. Wanda aka tsugunna aka ɗauka yana mai da ɗan tsibi ya zama dutsen Kufena.

Lissafin ba shi da wuya. Tsibin da aka tara kamar tulin yashi, ka auna faɗinsa a ƙasa, ka ninka da kansa, ka ninka da tsayi, ka raba gida 4. Mai faɗin mita 3 da tsayin mita 1 zai ba ka kubik mita 2 da ɗan ɗoriya. Kubik mita 1 daidai yake da duro 5 masu lita 200, ko jarka 40, ko baro wajen 15 in ba a yi masa tozo ba. Sai nauyi. Kankare curarre yana kai kilo 2,400 a kubik mita 1. In an farfasa shi iska ta shiga tsakani, sai ya sauko wajen tan 1 da rabi, kuma busasshen yashi da ƙasar gini ma a nan kusa suke. Ke nan ɗan tsibin can da ya yi kama da abin sawu ɗaya ya wuce tan 3, nauyin buhun siminti sama da 60. Tsibi mai girmansa na tsofaffin katifu, kwali, rassan darbejiya da karyayyun kujeru ko rabin rabinsa ba zai kai ba. A damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, ƙasar tsohon gini tana shan ruwa ta ƙara nauyi, hoton kuma yana nan yadda yake.

To wace mota? Masu kura da baro na sharar gida ne da 'yan tarkace, kuma ba sa nisa da ita. Keken ɗaukar kaya da ƙaramar motar Hijet sun dace da katifa da tsohon firji, ba da kankare ba. Babbar tifa mai taya 10 tana ɗaukar tan 20 ko fiye, amma sai a fili irin na Millennium City ko sababbin unguwannin bayan Rigachikun. A lungunan Tudun Wada, Rigasa ko Unguwar Sanusi ba za ta juya ba, in ta matsa kuma ta fasa wa maƙwabta kwalbati ko ta tsinko wayar wuta.

Akori-kura ita ce ta fi yaudarar mutane, ni ma ita na fara kira. Kuɗin sawunta ya fi sauƙi a kunne, kuma tana shiga ko'ina. Sai dai abin da take iya ɗauka bai wuce tan 1 ba sosai, wato bodinta bai cika ba nauyi ya riga ya kai. Da shebur ake loda ta, da shebur ake sauke ta, kowane sawu sai an biya wahalar hannu sau biyu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma, yawan zirga-zirga shi ne ke cin kuɗi.

Zaɓina ƙaramar tifa ce mai taya 6, kuma ba na ɓoyewa. Tana ɗaukar abin da akori-kura za ta yi sawu 7 ko 8 kafin ta gama. Tana shiga yawancin layukan da motar yashi ke shiga, domin ai ita ce ta kawo yashin da aka gina gidajen. Juyewa take yi da kanta, babu kuɗin masu saukewa. Abin da ya fi burge ni shi ne bodinta akwati ne mai kusurwa huɗu: ka sa tef ka auna tsawo da faɗi da zurfi, ka ninka, ka san kubik nawa take ci, babu gardama. Direbobinta kuma sun san inda ake neman ciko, domin kullum suna wuraren gini. Baraguzan bulo da jar ƙasa da ba su gauraya da leda da tsumma ba kaya ne masu kasuwa. Mai cika fandisho yana so, masu cike ramin layi da damina suna so. Direban da ya san zai sayar a gaba yakan sauko da farashi, shi ya sa nake cewa a ware baraguzai daban, shara daban, tun ranar rushewa. Aibinta ɗaya da na sani shi ne bodin yana da tsayi, lodi da kwanon sarki yana gajiyar da lebura, don haka a yi maganar 'yan lodi tun farko: nawa ne su, kuma wa zai biya su.

Abin da ya same ni shi ne ciniki a kan sawu. Na tura hoto ɗaya, mai akori-kurar ya ce sawu 3 ne. Muka shirya kuɗin kowane sawu. Na tafi wurin aiki na bar ƙanena. Da la'asar aka ce mini an yi 5 kuma rabi bai tafi ba. Na dawo na tarar ana jera fasassun bulo a gefe-gefen bodin kamar katanga, tsakiya rami, sannan a ɗora tsohon kwano a sama. Daga nesa mota ta cika. Na ce, "Malam, haka muka yi da kai?" Ya ce, "Alhaji, hoto ne bai nuna ba." Rodin da muka ciro daga lintal da kwanon rufi ma sun bi sawun farko, alhali da mun kai su kasuwar Panteka ko mun kira 'yan gwangwan, a sikeli za a auna a ba mu kuɗi. Mafi ciwo, bayan kwana biyu wani dattijo a layin baya ya yi sallama da ni, ya nuna mini ƙasar katangarmu a cikin magudanar ruwan unguwa. Ashe shi ya sa motar take dawowa cikin minti 10. Garin da Kogin Kaduna ke ambaliya, kuma kwata ɗaya in ta toshe ruwa ya shiga gidaje goma, wannan zalunci ne, kuma da ma'aikatan KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, sun zo ƙofar gidanmu za su tsaya. Sai da na sake biya aka kwashe.

Saboda haka jinga nake yi yanzu: kuɗi ɗaya, har sai an share wurin. Hoto na fara magana ne kawai, direba ya zo ya gani da idonsa kafin a yanke. Wanda ya ce ba sai ya zo ba, ka tura kafin alƙalami na dizal, ka yi hattara da shi. Akwai 'yan kamasho da ba su da ko taya, sun ɗauki hoton tifar wani sun sa a Facebook, kana turawa waya ta mutu. Waɗansu kuma da gaske za su turo mota, amma abin da suka faɗa wa direba daban da abin da suka faɗa maka, sai an gama lodi rigima ta tashi a ƙofar gidanka. Ka nemi magana da direban kai tsaye, ka rubuta lambar motar, ka tambayi sunan wurin da za a zubar. Sawun farko a sa yaron gida ya bi su. Kwashe ƙarfe da kwano da katako mai kyau zuwa cikin gida kafin mota ta iso. Kada ka biya cikon kuɗi sai ka ga ƙasa.

In akwai tsohon silin asbesta a cikin kayan, ka ɗauki hotonsa daban ka faɗa wa masu lodi. Ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru. A yayyafa masa ruwa, kada a farfasa shi, a sa takunkumi, kuma kada a haɗa shi da abin da za a kai wa wani ciko.