Kafin ka sayi akodiyon, san abin da ke cikin cikinsa

Mai sayen akodiyon karo na farko ido ne ke ja masa gora: ƙyallin jiki, yawan maɓallai, sunan kamfanin da aka manna a gaba. Alhali abin da ake biya wa kuɗi yana can ciki, inda ba a gani sai an zare 'yan ƙusoshin da suka riƙe zugazugi. Tun 1829 da Cyrill Demian ya yi wa wannan kayan kiɗa rajista a Viyana, siffarsa ta sauya sau da yawa, amma tushen aikin yana nan: iska ce ke bi ta kan siririn harshen ƙarfe, harshen ya kaɗa, sauti ya fito.

Kashi uku ne. Akwatin dama shi ke ɗauke da madannan da ke fitar da zaren waƙa. Akwatin hagu na maɓallan bes ne, wato sauti mai kauri, da na rakiya. A tsakiya kuma zugazugi, wanda aikinsa ɗaya da na maƙera, sai dai shi yana aiki a ja da kuma a turi. Da kwali mai kauri ake naɗe shi, a lulluɓe da ƙyalle, a sa fata mai laushi a kusurwoyin ciki inda yake lanƙwasa, a ɗaure kusurwoyin waje da ƙarfe. Idan ka danna madanni, sandar alminiyam ce ke ɗaga wani ɗan murfi da aka shimfiɗa wa ulu da fata, rami ya buɗe, iska ta samu hanya. Ka ɗaga yatsa, sifirin ya mayar da murfin.

A bayan ramukan nan harsunan suke. Kowane ɗan farantin alminiyam yana da tsaga biyu da harshe biyu, ɗaya a fuska ɗaya a baya, domin harshe ba ya kaɗawa sai iska ta buge shi daga gefen da aka ɗaure shi. Ɗaya na ja ne, ɗaya na turi. A ɗaya gefen kowace tsaga akwai 'yar fata ko roba da ke rufe ta idan ba lokacinta ba ne, don kada iska ta zube a banza. Harsunan da suka fi ƙanƙanta, na can ƙarshen sama, su akan bar su babu fatar, kada ka ga haka ka ɗauka ta faɗi. Farantan kuma ana jera su a kan gungumen katako mai ɗakuna-ɗakuna, a liƙe su da haɗin kakin zuma da ƙaron itace. Babban akodiyon mai madannai 41 da muryoyi huɗu, wato jerin harsuna huɗu, yana da harsuna 328 a dama, idan bes ɗinsa mai jeri biyar ne a ƙara 120, jimla 448. Wannan adadin shi ya sa gyaran muryar tsohon akodiyon kan ci kuɗin da ya fi na sayensa.

Harsunan ba darajarsu ɗaya ba, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya fi tsayawa. Masu ƙira na Italiya, musamman na garin Castelfidardo inda Paolo Soprani ya fara sana'ar a 1863, sun kasa su mataki-mataki. Na ƙasa inji ne ke buga su da yawa, ratar da ke tsakanin harshe da bakin tsaga tana da ɗan faɗi, don haka suna shan iska kuma ba sa amsawa sai an matsa. Sai wanda suke kira tipo a mano, da inji ke yankawa amma hannu ya ƙarasa. Na ƙoli shi ne a mano, wanda ake yankawa daga siririn zaren ƙarfe a daidaita shi da hannu. Ba sai ka buɗe ba za ka ji bambancin. Danna madanni ɗaya, ka ja zugazugi a hankali kamar ba ka so. Harshe mai kyau zai fara magana nan take da murya ƙasa-ƙasa, kuma idan ka fizga da ƙarfi ba zai shaƙe ba. Mai rahusa zai yi shiru kana jin iska na wucewa, sannan ya ɓarke gaba ɗaya. Ga ɗan koyo tipo a mano ya wadatar har ya yi yawa. Wanda zai hau dandamali shi ne zai ci moriyar a mano.

Sai zaɓin iri. Mai madannan fiyano ya fi yaɗuwa, ya fi sauƙin samun malami da mai gyara, kuma duk wanda ya taɓa fiyano hannunsa na dama ya riga ya san hanya. Mai maɓallai na kuromatik yana da layi uku zuwa biyar, yana tara sautuka da yawa a ɗan wuri, kuma a mai layi biyar salon yatsu ɗaya zai kai ka kowane maki, wato matakin sautin da aka gina waƙa a kai. Tsari biyu gare shi, na C da na B. Na B shi ne na akodiyon Rasha da ake kira bayan. Kada ka saya kafin ka san wanda malaminka ke koyarwa, domin wanda ya saba da ɗaya sai ya koma farko a ɗayan. Mai madannan fiyano da na kuromatik duk sauti ɗaya suke bayarwa a ja da turi.

Na dayatonik daban yake. Maɓalli guda sauti biyu ne, a ja wani, a turi wani. Ba shi da nauyi, kiɗansa yana da tsalle, amma a ɗaure yake da makin da aka ƙera shi a kai. Mai layi ɗaya da maɓallai 10 shi ne na kiɗan Kajun a Luwiziyana. Mai layi uku da maɓallai 31 da bes 12, irin Corona na kamfanin Hohner da ke Trossingen a Jamus, shi ake ji a kiɗan arewacin Meksiko da na Kolombiya. Makaɗan Ayalan kuwa mai layi biyu suke riƙewa, na B da C ko na C# da D. Wanda bai da niyyar bin ɗaya daga cikin irin waɗannan kaɗe-kaɗe, dayatonik zai takura shi.

A hagu, tsarin da ya fi yawa shi ne Stradella. Layuka shida ne: biyu na sautin bes ɗaiɗai, huɗu na kod, wato sauti uku da maɓalli ɗaya ke buɗewa tare ta hanyar sanduna da ke sarƙe a ciki, mejo, maino, sabent da diminish. Maɓallin C yana da ɗan rami ko alama a kansa don yatsa ya gane shi, tunda makaɗi ba ya ganin hannunsa na hagu. Lambar da ake kiran akodiyon da ita yawan waɗannan maɓallan ne. Mai 120 layi shida ne sau 20, madannai 41, nauyinsa kilo 10 zuwa 12. Mai 96 yana da madannai 37. Mai 72 layi shida ne sau 12, yawanci madannai 34, kilo 7 zuwa 8. Mai 48 yakan zo da madannai 26, kilo 5 zuwa 6. Mai bes 12 na yara ne, cikin 'yan watanni za a wuce shi.

Mutane da yawa suna ruga wa mai 120 don gudun kada su sake saye. A ganinmu mai 72 ya fi dacewa da yawancin manya masu koyo, saboda sautuka goma sha biyu ne kawai a bes, kuma 72 ya ƙunshe su duka da kod ɗinsu. Abin da 120 ya ƙara maimaici ne don hannu ya huta da dogon tsallake. Kilo uku ko huɗun nan da ke tsakaninsu kafaɗa da baya ne za su biya, kuma kayan da ke gajiyar da mai shi a akwati yake ƙarewa. Wanda zai karanci kiɗan kilasik na Turai a makaranta shi ne ke buƙatar babba, mai sauya maɓallan kod su koma sauti ɗaiɗai.

Za ka ga ana rubuta LMM ko LMMH a bayanin kaya. Jerin harsuna ne: L mai kauri, M na tsakiya, H siriri, kuma 'yan madannan da ke saman raga su ke buɗe wannan jeri su rufe wancan. Idan M biyu ne ko uku, akan saita ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya, sai su riƙa karo suna ba da rawar murya. Idan tazarar kaɗan ce sautin ya fito a tsaye, idan ta yi yawa ya yi ta karkarwa irin na Faransa da Sikotilan. Wannan sai kunnenka ya zaɓa, kuma ka zaɓa tun a wurin saye, don sauya shi yana nufin a bi harsuna ɗaya bayan ɗaya da magagari: a kankare kusa da baki murya ta hau, a kankare kusa da gindi ta sauka. Akwai kuma mai cassotto, wani ɗaki na ciki da ke tausasa sautin wasu jeri. Yana da daɗi ƙwarai, yana kuma ƙara nauyi da tsada.

Sabo mai arha da tsoho na hannu, kowanne da inda yake cizo. Sabon yakan zo da iska a kulle amma harsuna masu nawa. Tsohon Italiya ko Jamus yana iya samun harsunan da babu kamarsu, sai dai kaki da fata suna tsufa ko ba a taɓa kayan ba. Don haka kada ka biya sai ka gwada. Kwance maɗauran zugazugi, ka riƙe akwatin dama ka bar na hagu ya sauka da nauyinsa ba tare da ka danna komai ba. Mai lafiya zai ɗauki kusan rabin minti ko fiye; wanda ya zube cikin 'yan daƙiƙu yana yoyo, ko ta kusurwar zugazugi, ko ta bakin da ya haɗu da akwati, ko ta wani murfi da fatarsa ta bushe. Idan kana jin sauti alhali ba ka danna ba, murfi ne bai zauna ba. Bi kowane madanni da kowane maɓalli a ja da turi, a kowace murya. Gurnani ko ɓarɓarniya alama ce 'yar fatar nan mai rufe tsaga ta nannaɗe. Harshen da ya yi shiru gaba ɗaya sau da yawa ƙura ce ta maƙale a tsaga, wannan ƙaramin aiki ne. Girgiza shi a hankali kusa da kunne: idan wani abu na kwaramniya, faranti ne ya ɓalle daga kakin da ya tsattsage, kuma inda ɗaya ya faɗi sauran suna hanya. Danna maɓallin sakin iska ka shinshina. Warin fumfuna yana nufin damshi ya shiga, damshi kuma shi ke kawo tsatsa, harshen da ya yi tsatsa kuwa muryarsa ba ta zama ko an gyara. Irin wannan ka bar shi komai arharsa.

Akwai na lantarki, irin jerin FR na Roland, wanda ba shi da harshe ko ɗaya. Na'ura ce ke auna matsin iska ta fitar da sauti. Ba ya buƙatar gyaran murya, ana iya atisaye da shi da abin sawa a kunne, amma sai da wuta ko batir, kuma yadda zugazuginsa ke amsa hannu bai yi daidai da na mai harsuna ba.

Duk wanda ka ɗauka, ka haɗa da maɗauran kafaɗa masu faɗi da akwati mai ƙwari. A ajiye shi a tsaye kan 'yan ƙafafun da ke gefen bes, a wuri busasshe, zugazugi a ɗaure. Kada a bar shi cikin mota a rana, domin kakin zuma yana narkewa da zarar zafi ya ɗan haura digiri 60, kuma tun kafin a kai nan yake laushi farantan su fara zamewa daga mazauninsu.