Sharhi Kan Samfurin Dalar Kukulkan da Ake Sayarwa a Bauchi

Wani shagon kayan karatu da ke kusa da kasuwar Wunti ya shigo da samfurin dalar Kukulkan na katako, wanda mai saye ke harhaɗawa da hannunsa, tare da ɗan littafin bayani a cikin kwalin, kuma na saye shi ne saboda ɗalibaina na darasin tarihi. Ainihin ginin yana tsohon birnin Chichen Itza na al'ummar Maya, a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, birnin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Aikin katakon babu laifi, domin guntayen suna kama juna ba tare da gam ba, hawa tara na dalar kuma sun fito daidai. Abin da ya fi burge ni shi ne kawunan macizai biyu da ke gindin matakalar arewa. A can wurin, idan tsawon dare da na rana suka daidaita a watannin Maris da Satumba, hasken la'asar yakan jefa inuwar kusurwoyin dalar a jikin matakalar, har a ga kamar maciji ne yake saukowa ƙasa. Da muka rufe tagogin aji muka haska tocila daga gefe, inuwar ta fito a lanƙwashe, yara kuwa suka ɗauki salati.

Sai dai an taƙaita matakan samfurin, alhali a nan hikimar maginan take: matakai 91 a kowane ɓangare huɗu sun ba da 364, idan aka ƙara dandalin sama sai su zama 365, wato kwanakin shekarar rana.

Babban aibin yana ga littafin, wanda ya ɗauki dalar tamkar kalanda kawai, ya ƙi faɗin cewa wurin bauta ne, kuma Kukulkan, macijin nan mai gashin tsuntsu, abin bautarsu ne. Bai ko ambaci babbar rijiyar birnin ba, inda ake jefa zinariya da turare, har da mutane, don roƙon ruwan sama daga gunkinsu Chaac. Aƙidar ba tamu ba ce, amma ɗalibin da bai san ta ba ba zai gane dalilin wannan wahalar gini ba.

Kuɗinsa ya ɗan yi yawa, amma mai shagon yana yi wa makarantu ragi. Malamin da zai saya ya tanadi bayanin addinin Maya daga wani wurin dabam kafin ya shiga aji.